Yadda Za Ka Zo Hutu Gamsoa Mahaifiyarka Ba Ta Sani Ba

Matso nan, ɗan'uwa, ture kwandon ayabar ka zauna. Na san damuwarka tun kafin ka buɗe baki. Ɗan tsibirin nan ne kai, aiki ya kai ka birni, ka gaji liƙis. Kullum kana ganin hotunan Gamsoa a waya: baƙin yashi, ruwa garai-garai, dutsen nan mai aman wuta na busa hayaƙinsa, wasu ƙattai daga uwa duniya sun miƙe ƙafa suna shan ruwan kwakwa a daidai inda ka koyi iyo. Kai ma ranka yana so. Amma ka sani sarai, in ka sako ƙafa a matsayin ɗan gida, kafin ka sauke jaka an miƙa maka kwando da igiya an nuna maka bishiyar kanumfari.

To, ka zo inda ya dace. Ni Nursia, tun ina budurwa nake soya ayaba a bakin tashar jirgin ruwan nan, ba mai shiga ko fita Gamsoa ban ga ƙeyarsa ba. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka zo ka sha iskarka, kuma ko matar da ta haife ka ba za ta kira sunanka ba. Ba cika baki nake ba. An gwada a kan Sahril ɗan Mama Jubeda, kuma ya ci.

Mataki na 1: Ka shuka ƙaryar tun kana can

Hutu mai kyau daga waya yake farawa. Sahril mai kula da sito ne a wani kamfanin sayar da tayoyi a birnin Surabaya. Can Aril suke kiransa, wai Sahril ya yi musu tsawo a baki. Da kanumfari ya fara ja a kan bishiya, Mama Jubeda ta kira shi. Tun rasuwar babansa ita ke fama da itatuwan gidan, ƙanenta Safrudin da ke hau mata kuma gwiwa ta ƙi shi.

"Bana ya yi 'ya'ya har rassa na sunkuyawa," in ji ta. "In ba a tsinke ba zai buɗe fure, ya tashi a banza. Ko 'yan kwanaki ne ka zo, Sahril."

Ka lura da abin da ya yi, don nan gwanintar take. Bai rantse ba. Mai rantse wa mahaifiya a kan ƙarya shi da Allah, babu hannuna. Ajiyar zuciya ya yi, doguwa, irin ta wanda duniya ta zauna wa a wuya, ya ce, "Mama, kin san aikin kamfani. Bana ko wanda matarsa ta haihu ba a ba shi hutu ba."

Can ta ce Allah ya yi albarka, ya riƙa cin abinci.

Ba a rufa sati ba, manajansu Wiryo, wani mai tumbi da son hoto, ya tara ma'aikata ya ce bana an yi ciniki, kamfani zai kai kowa yawon shaƙatawa, kuma ba ya son jin uzurin kowa. Ya ɗaga waya ya nuna musu wurin. Sahril ya leƙa, sai ga Tsoho, dutsenmu, da hayaƙinsa, har da rufin masallacin unguwarsu a gindi.

"Aril, kai ba mutumin gabas ba ne? Ka san wurin nan, Gamsoa?"

In ya ce ya sani, Wiryo zai ce a kai shi ya gaida Mama, ita kuwa ta ga hutun da aka ce babu ya shigo mata gida mota guda. Sai ya ƙanƙance ido ya ce, "Gam me? A'a, ranka ya daɗe. Tsibiran namu yawa gare su."

Madalla. Ƙarya biyu ke nan, ta gida da ta ofis, kowace ta tokare 'yar'uwarta. Kai ma kada ka taso da ƙasa da haka.

Mataki na 2: Ka sauko daga jirgi kamar wanda bai san ruwa ba

Nemi hula mai faɗi, baƙin tabarau, riga mai zanen furanni da gajeren wando. Ka lafta farin man nan na kare rana a fuska har ka zama kamar an tsoma ka a garin rogo. Kada ka ce ai fatarka ta saba. Fatar ɗan yawon buɗe ido ba ta saba da komai ba.

Sutura dai ƙaramin aiki ce, ƙafa ita ke tona asiri. Ɗan Gamsoa ba ya jira a ɗaure jirgi, tsalle ɗaya yake yi ya dira yana gaisawa da mutane. Nan Sahril ya kusa ɓata min aiki. Jirgi na matsowa jikinsa ya miƙe da kansa, jaka a kafaɗa, ƙafa ɗaya har ta hau baki. Sai ya tuna. Ya koma ya zauna ya dafe ciki, ya ce wa na kusa da shi jiri yake ji. Ya jira aka shimfiɗa katako, ya miƙa hannu ga mai jirgin, wanda tare suka koyi karatun Alƙur'ani a baranda ɗaya, ya lallaɓa ya sauko.

"A hankali, yallaɓai," in ji mai jirgin. "Ruwan nan jiƙa mutum yake."

Daga nan dole ka wuce ta gabana, babu wata hanya. Ƙanshin ayaba zai kama ka, kada ka nuna. Sahril ya tsaya ya nuna kaskona da yatsa, ya tambaya da harshen birni wai mene ne wannan. Yaron da na sha kora da ludayi saboda satar ɓawon da ya ƙone! Na ce masa ayaba ce, yallaɓai, wani abu ne da ke fitowa a bishiya. Na zuba masa yaji a gefe, na faɗi kuɗin baƙi. Ya buɗe baki zai yi gardama, ya ga Wiryo na kallonsa, ya rufe ya biya.

Za ka ce ai na gane shi. To ni gwana ce, ba a lissafi da ni. Tafiyar babansa ce da shi sak, kafaɗar hagu a sama, ko buhu ya shiga zan gane. Shi dai ya wuce yana murna a ransa cewa ya tsallake Nursia, kuma wannan murnar ita ake nema.

Mataki na 3: Ka kalli dutsen, ka yi mamaki

Mu nan ba ma kallon Tsoho sai in mun yi shanya. In iska ta juyo da toka a kwashe kaya, in ba ta juyo ba kowa ya kama gabansa. Kai kuwa dole ka tsaya tsakiyar hanya, ka ɗaga kai, ka saki baki, ka ce kai, kai, kai! Ka ɗauke shi hoto a tsaye, ka ɗauke shi a kwance, ka tara hannu a ɗauke ka kamar kana tallafe da shi. Sannan ka yi tambayar wauta, ko ɗaya ce. Wadda aka fi so ita ce: ba kwa jin tsoro?

Motar da masauki ya aiko ta kwashe su kuwa, wa ke tuƙa ta? Kawu Safrudin, wanda tun da gwiwa ta hana shi hawa bishiya ya koma yawo da baƙi. Sahril ya shige can kujerar baya ya ja hula har hanci. Kawu ya gyara madubi, ya daɗe yana gyarawa.

"Yallaɓai mai hula, zuwan farko ke nan?"

"Na farko."

"Ai ga alama."

Ya kai su inda narkakken dutse ya taɓa gangarowa ya daskare baƙi ƙirin har cikin teku. Ya jingina da mota yana ba su labari, rabi gaskiya rabi abin da baƙi ke son ji. Sai ya nuna wani lungu da sandarsa.

"Nan wurin tarihi ne. Wata shekara Tsoho ya yi ɗan tari, ba wani abu ba, tari kawai. Akwai wani yaro da ya zo satar mangwaro, ya jiƙa wandonsa tsaf, ya ruga gida da takalmi ƙafa ɗaya yana kiran Mama. An ce yanzu babban mutum ne a can wajenku. Aiki ya yi masa yawa, bawan Allah, ko hutu ba ya samu."

Mota ta ɗauki dariya. Wiryo har da riƙe tumbi. Ƙa'ida a nan ita ce ka fi kowa dariya, kuma Sahril ya yi, har ya tambaya ko an samo ɗaya takalmin. Ya lallashi kansa cewa Kawu kowa yake ba wannan labarin. Kai ma haka za ka riƙa gaya wa kanka, yana taimakawa ƙwarai.

Mataki na 4: Ka manta yadda ake cin abinci

A masauki za a kawo muku tuwon sago, mai yauƙin nan da ake yi da garin cikin wata bishiya, da romon kifi mai tsami, a ce ga abincin gargajiya. Na san yadda hannunka zai yi ƙaiƙayi. Ka san yadda ake naɗo shi da 'yan sanduna biyu, a sauke cikin romo, a sa baki a gefen kwano a zuƙe ba tauna. To ka zauna a kan hannunka. Ka nemi cokali. Ka ɗebo ya zille, ka sake ɗebowa ya zille, ka dubi na kusa da kai ka ce wannan ai da shi ake liƙa takarda.

Sahril ya yi duk wannan. Shekara da shekaru yana mafarkin tuwon nan a ɗakinsa na haya, ga shi a gabansa yana tururi, ya ɗanɗana a bakin cokali ya yatsine fuska ya ce a kawo masa soyayyar shinkafa. Mai dafa abincin, wadda gidansu ke bayan na Mama Jubeda, ta fito da kanta ta ɗauke kwanon.

"Ayya, bai karɓe ka ba ko, yallaɓai? Sai wanda ya tashi da shi."

Ya ci shinkafarsa kamar yana tauna tsumma.

Mataki na 5: In ƙasa ta motsa, ka yi ihu

Tsoho yakan gyara kwanciya, ba kullum ba. Kwanuka su yi ƙara, fitila ta yi lilo, shi ke nan. Ɗan gida yakan ɗaga kofinsa daga kan tebur don kada shayi ya zube, ya ci gaba da maganar da yake yi. Baƙo kuwa salati yake yi ya nemi ƙofa.

Washegari da hantsi suna karin kumallo abin ya zo. Ma'aikatan kamfani suka watse, wata ta fita da faranti a ka, Wiryo ya shige ƙarƙashin tebur ya bar rabinsa a waje. Da ƙura ta lafa aka duba, sai ga Sahril zaune daram, kofi a hannun dama, butar shayi a hagu, yana tauna. Shi da masu aikin masaukin ne kaɗai ba su motsa ba.

Wiryo ya leƙo daga ƙasa. "Aril, kai ba ka ji ba ne?"

In irin wannan kuskuren ya same ka, ihun da ya makara ya fi babu. Sahril ya ajiye buta a hankali, ya ajiye kofi, sannan ya kurma ihu ya ruga waje ya rungume bishiyar kwakwa. Ya ce tsoro ne ya sandarar da shi. Mai shara ta tsaya da tsintsiya tana kallonsa, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, yallaɓai, wasu haka yake zo musu a makare.

Mataki na 6: Ka kwanta a yashi, ka kashe waya

Wannan shi ne abin da ka zo nema, to ka yi shi da kyau. Shimfiɗa tawul a baƙin yashi, ka sa a fasa maka kwakwa, ka rufe fuska da hula. Amma ka juya bayanka ga tudu, kuma ka kashe waya. Sahril bai yi ko ɗaya ba.

Daga inda yake kwance yana hango itatuwan gidansu a gefen dutse, da dogayen tsanin gora a jingine a gonakin maƙwabta, mutane maƙale a sama. Nasu babu kowa a kai. Iska kuma ta yi ta kawo masa ƙanshin kanumfari har cikin hular. Ya juya dama, ya juya hagu, barcin da ya yi shekaru yana yi wa tanadi ya ƙi zuwa. Gaskiya ba daɗi yake ji ba, kunya ce ke cinsa, amma ya ce wa kansa zafin yashi ne.

Sai waya ta yi ƙara. Mama.

Ya tashi ya yi nisa da mutane, ya kare bakin wayar da tafin hannu saboda ƙarar teku.

"Sahril, yaya aikin?"

"Ga mu muna ta fama, Mama. Ko zama ban yi ba tun safe."

"Sannu. Yaya Surabaya, ana rana?"

"Ana yi."

Daidai nan jirgin fito na azahar ya shigo tasha ya saki ƙahonsa, buuu, yadda yake yi kullum har awaki su firgita. Ya ji shi a kunnen hagu daga teku, ya ji shi a kunnen dama daga cikin waya.

"Ikon Allah," in ji Mama Jubeda. "Ku ma naku jirgin ya iso ke nan. To koma bakin aikinka, kada su yi maka faɗa."

Ta kashe. Ya tsaya da waya a hannu yana lissafin ko akwai yadda za a yi ta ɗauka ƙahon wata babbar mota ce. Ka ga amfanin mataki na uku ke nan, wanda ya saba lallashin kansa ba ya rasa abin faɗa.

Mataki na 7: Ko me za a yi, kada ka hau tudu

In aka ce za a kai ku ganin yadda mutanen ƙauye ke rayuwa, ka ce ciki ya ɓaci. Sahril ya faɗa, Wiryo ya ce ƙarya yake, ya tura shi mota. Kawu Safrudin kuwa, cikin unguwannin tsibirin nan kaf, bai ga inda zai tsaya ba sai ƙofar gidan yayarsa, wai nan hoto ya fi kyau.

Ka san yadda hanya take a irin wannan lokacin. Tabarmi jere hagu da dama, kanumfari a baje yana shan rana, na jiya kore, na shekaranjiya ja, wanda ya kusa shiga buhu kuma ya yi duhu. Abin da tsohuwar ta iya tsinkowa da sanda daga ƙananan rassa ke nan. Baƙi suka bazu suna sunsunawa suna ɗaukar hoto. Sahril ya maƙale a jikin mota, tabarau a ido, yana kallon tayar kamar yau ya fara ganin taya.

Ba wanda ya lura da hadarin da ya gangaro ta bayan Tsoho sai da iska ta sauya. Wata mata a can sama ta ƙwala, "Ruwa! Ruwa!" Unguwa ta ɗauka. A Gamsoa in aka yi wannan kiran ba a tambayar tabarmar wa ce. Mai salla ya sallame, mai wanka ya ɗaura zane, kowa ya fito, don in ruwa ya daki busasshen kanumfari, wahalar sati ta tafi.

Abin da ya kamata ka yi shi ne ka ruga mota ka kare kyamararka. Sahril bai san lokacin da ya bar jikin motar ba. Ya tsallake koren, ya tsallake jan, don ya san su za su jure ɗan yayyafi, ya dira kan busasshen. Ya haɗa kusurwa huɗu, ya murɗe, ya saɓa a kafaɗa. Bai nufi baranda ba, ya zagaya gefen gida inda rumbu yake, ya daki ƙofar da ƙafa a ƙasa ta hagu, inda take cijewa tun yana yaro, ta buɗe. Ya dawo a guje ya tarar da Wiryo tsaye a kan tabarma ta biyu yana ɗaukar hadari hoto. Ya daka masa tsawa da harshen tsibiri, da muryar da duk unguwar ta sani:

"Kai mai tumbi, ɗauke ƙafarka daga kan abincin mutane!"

Wiryo bai ji ko kalma ba, amma ya yi tsalle. Sahril ya sunkuya ya kama kusurwa biyu, ya ɗago don ya ga wa ya kama sauran biyun. Mama Jubeda ce, ta rame, gashinta ya ƙara fari. Suka kai tabarmar rumbu tare, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Mataki na 8: In an karɓe ka a matsayin baƙo, ka sha shayin

Nan ne za ka ga ingancin darasina. Mama Jubeda ta goge hannu a zane, ta dube shi daga hula har gajeren wando, ta ce da harshen birni, a tsanake, irin yadda take yi wa ma'aikatan gwamnati magana:

"An gode, yallaɓai. Ku shigo daga ruwa."

Ta buɗe musu ƙofar gaba, wadda ba a buɗewa sai da salla ko rasuwa. Ta zaunar da su a falo kan kujerun nan masu rigar leda, da in Sahril ya hau yana yaro sai ya sha ranƙwashi. Shi ta ba babbar. Ta buɗe kabad ta fito da kofunan gilashi na baƙi, ta zuba shayin citta, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya ɗaga kai don ya kauce wa idonta, sai ya ga bango. Inda hotonsa na gama makaranta yake rataye shekara da shekaru, ƙusa ce kawai da wani fili mai haske.

"Daga ina baƙin namu?"

"Surabaya, Mama," in ji Wiryo, yana hura shayi.

"Allah sarki. Ina da ɗa a can. Yaron kirki, ba ya min ƙarya. Na so ya zo ya kama min aikin nan, amma inda yake ba sa ba da hutu. Ko wanda matarsa ta haihu ba sa ba shi."

Wiryo ya ajiye kofi da ƙarfi. "Wane irin mugun kamfani ne wannan? Mu dole muke yi wa yaranmu su huta. Ga Aril nan, tambaye shi. Aril, ƙarya na yi?"

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

"To ka more, yallaɓai," in ji Mama Jubeda. "Ƙara shayi?"

Wallahi da ta zage shi gaban mutanen nan da ya fi masa sauƙi. Da ta ɗauko muciya ma da ya gode. Da ta tattara kofuna ya yi zumbur ya ɗauki faranti zai bi ta, yadda ya saba. A bakin labulen madafi ta juyo ta karɓe farantin daga hannunsa, da murmushinta.

"A'a, yallaɓai, ka zauna. Baƙo iyakarsa falo."

Ta saki labulen.

Ka gani? Cikakkiyar nasara. Ka zo, ka sha iska, ka shiga har gidanku an ba ka babbar kujera, kuma ba a kira sunanka ba. Abin da ya rage ka gode, ka hau mota, ka koma yashinka.

Mataki na 9: Wannan ba nawa ba ne

Na sa shi ne don ka san abin da za ka guje wa.

Sahril ya daɗe tsaye yana kallon labulen. Sannan ya fita ta ƙofar gaba, cikin ruwa. Ya cire hula da tabarau ya ɗora a kan motar Kawu. Ruwa ya wanke farin man ya gangaro masa cikin riga. Ya zagaya ta gefen rumbu, ta wajen kejin kaji, ya sunkuya ya shiga ta ƙofar baya, wadda ba a yin sallama a bakinta.

Tana zaune a ƙasa gaban tulin kanumfarin da aka tsinko ranar, tana cire 'ya'yan daga jikin 'yan rassansu. Ba ta ɗago ba. Ya zauna a gefen tabarma ya ɗebi reshe ɗaya.

"Mama, akwai hutu," ya ce da harshen gida. "Ƙarya na yi miki. Na gaji ne, na so in kwanta."

Ta ci gaba da aikinta. Sai ƙarar ruwa a kan kwano, da dariyar Wiryo daga falo, inda Kawu ya fara ba shi labarin wane ne mai takalmi ƙafa ɗaya. Sahril ya danna reshen a tafin hannu ya murza yadda ake yi, amma hannu ya yi laushi a sito, 'ya'yan suka riƙa fita a kakkarye. Ya ɗebi wani, haka. Idonsa ya cika, bai ma ga abin da yake yi sosai ba. Ya ɗebi na uku.

Sai ji ya yi tas a bayan hannu.

"Sahril! Kana karya musu kai! Haka na koya maka? Dubi ɓarna, don Allah. Kawo nan. A kwance ake murzawa, ba a tsaye ba, sakarai kawai. Kuma ka tashi ka cire wannan wandon, kamar ɗan kamun kifi. Akwai sauran tuwo a tukunya. Gobe da sassafe tsani na bayan gida."

Ya ce to, Mama. Ya sake cewa to. Mutum ya kusa shekara arba'in, an mare shi a hannu an ce masa sakarai, yana zaune yana washe baki hawaye na zuba.

Sauran kwanakin hutun a saman bishiya ya yi su, kwando a wuya, tururuwa na cizo. Ranar komawa ya wuce ta gabana da ƙyar yake ɗaga kafaɗa, ya sa hannu a kaskona ya ɗauki ayaba bai tambayi kuɗi ba.

Sanarwa

Ni Nursia mai ayaba, babu ruwana da duk abin da ya biyo bayan bin waɗannan matakai. Ciwon baya, cizon tururuwa, kunya gaban manaja, ko a mayar da kai labarin da ake ba baƙi a mota, duk kai ka jawo wa kanka. Kuɗin baƙi da na karɓa ba ya dawowa. Wanda ya ce ni na kai labari tudu, ya zo ya faɗa a gabana man yana tafasa. Tsibirin da jirgi ɗaya ke shigowa ba ya buƙatar ɗan aike.

Alkawari ɗaya na yi, cewa ba za ta kira sunanka ba, kuma na cika. In ka zauna a babbar kujera da kofin gilashi a hannu ka ji ba za ka iya ba, kada ka zo min nan da kuka, ba ni da matakin da zai fitar da kai. Ka tashi ka zagaya ta baya, tun tana nan.